Ɗakin Da Na Shafe Ba Ƙaro

Sallama gare ku masu bin labarina. Abin da zan faɗa yau ba abin alfahari ba ne, don haka kada wadda ta fara tausaya mini tun ba ta ji ƙarshensa ba. Ni na aikata, da hannun nan nawa, kuma ina cikin hankalina.

Sunana Hansai, ga wanda bai san ni ba. Abin ya faru a Wudil, shekara uku kafin a ba mu mulkin kai, a tsakiyar bazara. Lokacin ina zawarci a gidan Baffa Maikano, ƙanin mahaifina, tun da mijina na fari ya rasu na fita takaba. Sana'ata shafe. In za a kai amarya, danginta su je su yi daɓe, ni kuma a kira ni in gyara bango: farar ƙasa daga sama, shuni daga ƙugu zuwa ƙasa, in ja layin jar ƙasa a tsakaninsu. Ɗakunan amaren da na shafe a garin nan har na daina tuna yawansu. Amarya ta shiga ɗaki yana ƙamshin ɗanyen bango, ni kuwa in koma gida da ciwon kafaɗa, tafin hannu duk ya tsattsage, ina kankare farin da ya maƙale mini a gira. Na gaji. Wallahi na gaji da gyara wa wasu ɗaki.

Gwaggo Yelwa, yayar su Baffa, ita ta koya mini aikin, kuma ɗakinmu ɗaya da ita. Abu na farko da ta fara dasa mini a kai shi ne ƙaro. In ba ka jiƙa ƙaro ka zuba a ruwan shafe ba, launi ba ya kama bango. Zai bushe ya yi kyau har ya fi mai ƙaron haske, amma duk wanda ya jingina sai ya tashi da shi a bayansa. Ranar da na taɓa mantawa ina koyo, sai da ta sa na wanke bango guda da tsumma ina kuka.

Ina da mai nema. Isyaku sunansa, ɗan unguwar bakin kogi, 'yan gidansu suna ce masa Auta. Damina biyu yana zuwa zance zauren Baffa. Ya kawo kayan na-gani-ina-so an karɓa: turmin atamfa biyu, sabulu, kwalbar turare, da wani kallabi ruwan ƙwai da na ɗaura sau ɗaya a ɓoye na mayar. Gwaggo ta jera su a fanteka, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Daga nan magana ta kwanta. Ya samu aikin shafa fenti a gidajen Turawa a birni, sai ya yi wata biyu bai leƙo Wudil ba. In ya zo, ya zauna a bakin tabarma da wandon kakinsa mai ɗigon kore da rawaya, ba zancen sa rana ba, ba zancen komai ba, sai labarin launi da na ɗakin da yake ginawa.

Ya ce, “Hansai, su fa matar gida ce take zaɓa. Sai ta sa a shafa launi uku a jikin bango, ta ja baya ta ƙura ido, sannan ta nuna wanda ya yi mata. Mijin ko uffan.”

Na ce, “To Malam, mu nan amarya ko hanyar gidan ba ta bi, balle ta zaɓi launi.”

Ya tsura wa hannuna ido, na yi sauri na tura su cikin mayafi. Ni dai hira na ɗauke ta, na manta da ita tun kafin ya sa takalmi.

A cikin gida kuwa ba a bar ni na huta ba. Kullum in muna tankaɗen farar ƙasa sai Gwaggo ta tayar da maganar.

“Ke, wai mai warin kananzir ɗin nan yaushe zai turo?”

“Ya ce sai ya gama gini, Gwaggo.”

“Gini! Ganuwar birni yake tayarwa? Ya'u mai tukwane sau biyu yana aiko wa Baffanki. Ba mai yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma ki dubi kanki. Sa'o'inki suna goyon na uku, ke kina goyon ƙwaryar farar ƙasa.”

Ni dai sai in ci gaba da tankaɗena. Ina son mutumin, shi ke nan. Ina son yadda yake magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta zube, ina son yadda shi kaɗai a duk garin bai taɓa ce wa sana'ata wahalar banza ba. Amma so ba ya hana gajiya, kuma ni jiran ya fara cin raina.

Ranar wata Laraba da hantsi muka ji sallama. Yaya Rabi ce, yayar Isyaku. Na ce a raina yau dai an zo da magana. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na kawo ruwan randa. Aka gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya tsohuwa, yaya yara, aka sake komawa kan zafi. Gaisuwar ta ƙi ƙarewa, ita kuma ta ƙi ɗago ido. Tana ta murza bakin mayafinta.

Gwaggo ta gaji ta ce, “Rabi, lafiya dai?”

“Lafiya lau, Gwaggo. Aike ne. Wallahi da da yadda zan yi, da ban zo ba.”

Ta kwance gefen zaninta ta fito da wata takarda da aka ninke sau huɗu. Direban wata mota ne ya kawo daga wajen Isyaku a birni, malamin unguwarsu ya karanta musu a tsakar gida, mata duk suna ji. Ba wanda ya iya karatun boko a cikinmu, amma Yaya Rabi ta haddace.

“Ya ce ɗakin da ya gina ya bushe. Ya ce a kira Hansai ta shafe shi. Ta zaɓi launin da ranta yake so, kada kowa ya sa mata baki. Ya ce a gama kafin Juma'a, yana tafe, kuma biki ba zai wuce wata mai kamawa ba.”

Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku gane abin da ya sa wurin ya yi tsit ba. A garinmu a wancan lokaci, macen da za a aura ba ta taka gidan mijin sai ranar da aka kai ta a lulluɓe. Ko bazawara ce. In hanyarta ta biyo ta ƙofar gidan, zagayewa take yi. Ɗakinta kuwa ba ta ganinsa, balle ta sa masa hannu. Saboda haka in aka aiko miki ki zo ki shafe ɗakin amarya, an gama faɗa miki cewa ba ke ce amaryar ba. Haka Yaya Rabi ta fahimta, haka tsohuwarsu ta fahimta, haka duk matan da suka ji karatun takardar suka fahimta. Ni ma haka.

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. “'Yar birni ya samo ke nan?”

Yaya Rabi ta ce, “Mu ma ba mu sani ba. Ko sunanta bai faɗa ba. Tsohuwa tun jiya ba ta ci abinci ba don kunya.”

“Kuma duk Wudil bai ga mai shafe ba sai 'yata? To ki koma ki ce masa...”

Na ce, “Zan zo.”

Suka juyo suna kallona. Ni kaina ban san lokacin da maganar ta fito ba. Amma na san in na ƙi, gobe a bakin rijiya za a ce Hansai ta kwanta ciwo saboda namiji. Gara a gan ni da ƙwaryata a ka, ina tafiya kamar kullum.

Da Baffa ya dawo daga gona da azahar Gwaggo ta tare shi tun bai ajiye fartanya ba. Baffa ba mai yawan magana ba ne. Ya saurara har ta gama, ya dube ni ya ce, “Ke kika ce za ki je?” Na ce e. Ya ce, “To je ki. Sana'a ce. Sauran kuma nawa ne.” Ya shige turakarsa, ko ruwan da na kai masa bai sha ba.

Da yamma Gwaggo ta huce, ko in ce fushin nata ya koma wani abu dabam. Ta ɗauko ƙullin ƙaronta mai kyau, wanda take ɓoyewa, ta jiƙa mini da hannunta a 'yar tukunya. Ta ce, “Ki yi musu aikin da ba a taɓa yi ba a garin nan. Duk safiya in ya buɗe ido ya ga abin da ya yar.”

Alhamis da sassafe na ɗauki kayana. Farar ƙasar da na saya wajen matan ƙauyen Indabo ranar kasuwa, wadda na tace sau uku. Curin shuni mai duhu da na daɗe ina ajiya, ban taɓa yarda na taɓa shi don kowace amarya ba. Kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Tukunyar ƙaron tana hannuna na hagu.

A hanya akwai wata tsamiya kafin a gangara unguwar bakin kogi. Nan na tsaya in gyara gammo. Na dubi tukunyar. Sai na hango ta, ita 'yar birnin da ban sani ba, an kawo ta cikin farin mayafi, ta zauna ta jingina da bangona tana sunkuyar da kai, ana guɗa. Na hango ta ta tashi, bayanta duk shuni, matan gari suna toshe baki. Ba zan yi muku ƙarya in ce shaiɗan ne ba. Ni ce. Na karkata tukunyar a gindin tsamiyar har sai da ta tsiyaye, na ɗauraye ta da ruwan butata, na ci gaba da tafiya.

Ɗakin ya yi kyau, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan. Soro ne mai faɗi, azara a jere kamar an auna da zare, an yaɓe bayansa da makuba ya yi duhu yana sheƙi. Har da 'yar taga ta gabas, da ƙyauren katako, a unguwar da kowa asabari yake ratayawa. Damina biyu ina jin labarin ginin nan. Yau ga ni a cikinsa da tsumma a hannu.

Matan gidan suka yi ta leƙowa. “Sannu Hansai.” “Sannu da haƙuri.” Wata ta kawo mini fura, wata ta kawo ƙosai, kowacce da fuskar gaisuwar mutuwa. Da zagi suka yi mini da ya fi mini sauƙi. Tsohuwarsu kuwa ba ta fito ba sam, tarinta kawai nake ji daga ɗaki.

Na yi shafa ta farko kafin rana ta take. Zafi ya sa kafin in kai kusurwa ta huɗu ta farkon ta bushe. Na yi ta biyu da la'asar, gumi yana shiga mini ido, wuyana ya sage saboda kallon sama. Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Juma'a da safe na dawo na niƙa shunin, na sirka shi da 'yar farar ƙasa har ya yi irin launin da sama take yi gab da magariba. Yaya Rabi ta riƙe mini bakin zare, na turmusa shi a jar ƙasa, muka ja muka ɗana, layi ya fito a miƙe. Na bi shi da ɗan yatsa. A saman layin na zana 'yan ganye ƙanana, irin waɗanda na daɗe ina zanawa a raina, ban taɓa yi wa kowa ba.

Yaya Rabi ta ja baya ta riƙe haɓa. “Hansai, wannan ai ko gidan hakimi. Allah ya saka miki. Allah ya ba ki wanda ya fi shi.”

Na ce amin. Na san abin da na yi, kuma a lokacin ko ɗar ban ji ba. Gajiya kawai nake ji, irin wadda ko kuka ba ka iya yi.

Ina tattara tsummokarana bayan an sauko daga masallaci sai na ji muryarsa a tsakar gida. Motar kasuwa ya biyo da safe, ya wuce masallaci kai tsaye. Na nemi hanyar fita, babu, ƙofa ɗaya ce. Ya yi sallama ya shigo, sanye da farar riga sabuwa fil, har karin guga bai baje ba, da hula zanna. Hannunsa ɗaya gwangwanin fenti, ɗayan buroshi. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juyawa a hankali. “Kai! Kai, Hansai! Wannan ne zaɓinki?”

Na ja mayafi na rufe fuska. “Sannu da zuwa, Malam. Aiki ya ƙare. Zan wuce.”

“Tsaya mana. Ga kore na kawo na ƙyaure, amma in bai yi miki ba a bar shi.” Ya ajiye gwangwanin, ya tattara rigarsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa yana kallon ganyen da na zana. Na ga bayansa ya manne da shunin. Na ƙyale shi. A raina na ce kai ma ka ɗanɗana.

Yaya Rabi ce ta kasa daurewa. “Auta, ashe ba ka da kunya? Ka wulaƙanta baiwar Allah, ka sa mu jin nauyin mutane, sannan ka zauna kana yi mata hira? Wace ce yarinyar? 'Yar gidan wa ce a birnin?”

“Wace yarinya, Yaya?”

“Amaryar!”

Ya dube ta, ya dube ni. Murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa. “Wace amarya kuma bayan wadda take tsaye a gabanki?”

Tsumman da ke hannuna ya faɗi. Yaya Rabi ta dafe ƙirji ta hau salati, ta yi ta maimaitawa. Ta ce, “Auta, birni ya cinye maka hankali? A ina ka taɓa ganin amarya ta shafe ɗakinta? Ka san abin da garin nan yake faɗa tun Laraba?”

Ya ce, “Na sani ba a yi. Shi ya sa na yi.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Hansai, ke kika ce mini amarya ko hanyar gidan ba ta bi, balle ta zaɓi launi. Na ga hannunki ranar. Na ce mace ta ƙare ƙarfinta tana ƙawata ɗakin kowa, ranar nata kuma a kira wata ta yi mata abin da ta ga dama? Na ce ke kam sai kin zaɓa. Na ɗauka kowa zai gane. Wa nake nema in ba ke ba?”

Ni al'ada na faɗa masa ranar, shi kuma kuka ya ji. Wata uku yana riƙe da maganar da ni na yar a bakin zaure.

Masu karatu, ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na lokacin ba. Nawa ne. Tagar tawa ce, ƙyauren nawa ne, ganyen nan da na zana da ɗacin rai ashe a ɗakina na zana su. Ina so in ce masa ya tashi daga jikin bangon, amma na fasa. In na ce ya tashi, zai tambaye ni dalili.

Sai muka ji sallama a tsakar gida, da ƙarfi, irin ta wanda yake so maƙwabta su ji. Muryar Gwaggo Yelwa ce. Na leƙa ta ƙofa. Tana tsaye da fantekar nan a ka, faifan yana rufe kamar yadda ta rufe shi damina biyu da suka wuce. Matan gida sun fito, har tsohuwar da ta ƙi fitowa kwana biyu tana bakin ƙofarta. Gwaggo ta sauke fantekar a gabanta.

“Maikano ya ce a gaishe ku. Ya ce ga kayanku, ko allura ba ta ɓata ba. Ya ce 'yarsa ta gama muku aiki, ba ta bar abin faɗa ba. Ya kuma ce in faɗa a gaban jama'a, kada ɗanku ya sake taka masa zaure.”

Isyaku ya miƙe zumbur ya fita da sauri, ya durƙusa a gabanta. “Gwaggo, don Allah ki tsaya ki ji. Kuskure aka yi, kuma ni na yi shi. Ɗakin Hansai ne. Wallahi nata ne.”

Ba shi ake kallo ba, bayansa ake kallo. Daga kafaɗa har ƙugu, farar rigar nan ta rine da shuni, shatin bayansa ya fito ɓaro-ɓaro. Wata daga cikin matan ta toshe baki, daidai yadda na hango a gindin tsamiya.

Gwaggo ta daɗe tana kallon rigar. Ita ta koya mini aikin, ba ta buƙatar tambayar kowa. Ta ɗago ido ta same ni a bakin ƙofa.

“Hansai. Ina ƙaron da na jiƙa miki?”

Isyaku ya waiga, ya jawo bayan rigarsa ya duba. Ya tashi a hankali ya zo bakin ƙofar da nake tsaye, ya miƙa hannu ciki, ya goga ɗan yatsa ɗaya a jikin bangon. Ya dubi yatsan. Mai fenti ne, shi ma ba sai an yi masa bayani ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya yi maganar a hankali kamar yadda ya saba, ni kaɗai na ji.

“Da wata ce aka kawo, Hansai, haka kika shirya mata?”

Fantekar tana tsakar gida ba wanda ya taɓa ta, Gwaggo tana jiran amsarta, shi ma yana jiran tasa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon hannuna, shuni ya shiga duk tsagar da ke tafina.